Kofin da Ba Shi da Takardar Maki: Zumunci a Gasar Badujalar 'Yan Sakandare a Amurka

A Amurka, daga watan Satumba zuwa tsakiyar Nuwamba, da wuya Asabar ta wuce ba a samu filin ƙwallon wata makarantar sakandare ya cika maƙil ba, alhali ba ƙwallo za a buga ba. Tun da hantsi motocin bas masu ruwan ɗorawa ke ta sauke yara, bayansu tireloli shaƙe da ganguna, da begila manya da ƙanana, da tutoci, da tarkacen ƙawata fili. 'Yan badujalar makarantu ne suka zo gasa. Kowace makaranta akan ba ta kimanin minti 15 ta shigo, ta jera kayanta, ta yi wasanta, ta kwashe komatsanta ta ba na baya wuri. Idan dare ya yi sai a tara shugabannin ƙungiyoyin a tsakiyar fili a shiga rabon kofuna: na waɗanda suka fi iya busa da kiɗa, na waɗanda suka fi iya taku, na waɗanda wasansu ya fi ratsa zuciya. Duk waɗannan suna da alƙalai da takardar maki. A wurare da dama kuma akwai wani kofi guda da ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun. Wani wuri a kira shi kofin ƙwazo, wani wuri kofin zumunci ko na haɗin kai. Ƙaramin kofi ne, amma tambayar da ke bayansa babba ce: ana iya ganin zumunci da ido har a ce na wane ya fi na wane?

Wanda ya yi makarantar boko a Najeriya ya san macin ranar yara ta 27 ga Mayu, da na ranar 'yancin kai, da na gasar wasanni tsakanin gidajen ɗalibai. Layi uku, hagu dama, a juya kai a sara wa babban baƙo, 'yan sanda ko wasu tsirarun ɗalibai na gefe suna kiɗa. Na Amurka ma daga faretin soja ya samo asali, sai dai ya yi nisa da gida. A can mai macin shi ne makaɗin. Yaro ɗan shekara 15 zai saɓa ƙatuwar begilar nan mai zagaye kafaɗa, wadda aka raɗa wa sunan John Philip Sousa, tsohon shugaban badujalar rundunar Marine ta sojojin Amurka, yana busawa yana tafiya, wani lokaci da baya, wani lokaci a karkace, ƙirjinsa na fuskantar 'yan kallo, kuma ba a yarda a ji girgizar takunsa a cikin sautin ba.

Filin da suke wasa a kai na ƙwallon Amurka ne, wadda ta yi kama da zari-ruga. Tsawonsa yadi 100, an ja layi a kowane yadi 5. Ma'aunin takun da aka fi koya wa yara shi ne taku 8 tsakanin layi da layi, wato inci 22 da rabi kowane taku, ko kai dogo ne ko gajere. Kowane yaro yana da lamba, kuma a kowane sashe na wasan akwai ɗigon da aka ware masa a fili, inda dole ƙafarsa ta sauka a daidai bugun da aka ƙayyade. Ɗigogin nan kan kai gommai, a manyan ƙungiyoyi har su haura 100, kuma duk a ka ake riƙe su. Daga saman benen 'yan kallo, ɗigogin ne ke haɗuwa su zama da'ira, ko tauraro, ko igiyar ruwa mai motsi. Yaron da ke cikin da'irar ba ya ganin da'irar. Abin da yake gani kawai kafaɗar na damansa da ƙeyar na gabansa.

Horon yakan fara tun cikin hutun bazara, a Yuli ko Agusta, mako ɗaya ko biyu ana wuni a rana, sau da yawa a kan kwaltar wurin ajiye motoci. Abin ya kai ga hukumar da ke kula da gasannin makarantu a jihar Teksas, wato UIL, ta kafa doka cewa da zarar an koma karatu, horon da ake yi bayan tashi daga makaranta kada ya wuce awa 8 a mako. Ba a kafa wa abu iyaka sai an ga yana neman wuce gona da iri.

Gasar da ta fi kowace suna ita ce ta Bands of America, wadda ta fara a 1976 a garin Whitewater na jihar Wisconsin. Yanzu ana yin zagayenta na ƙarshe a watan Nuwamba a filin Lucas Oil da ke Indianapolis, inda ƙungiyoyi wajen 100 ke haɗuwa na kwana uku, a yi ta tankaɗe da rairaya har a rage 12 da za su kara a daren Asabar. Tsarin makin da suka daɗe a kansa 100 ne: 20 na ingancin kiɗa, 20 na ingancin taku da motsi, sauran 60 kuma na tasirin wasan gaba ɗaya. Wasu alƙalan suna can sama suna kallon hoton duka, wasu kuma suna ƙasa kusa da yaran, suna magana cikin na'urar ɗaukar murya, suna faɗin abin da suka gani nan take. Tsananin gasar ya kai a 2016 makarantun Carmel da Avon, dukansu na kewayen Indianapolis, suka tashi da maki iri ɗaya a daren ƙarshe, sai da aka koma kan makin tasiri kafin aka ba Carmel kofin.

To a cikin waɗannan maki 100 babu ko ɗaya da aka rubuta wa suna zumunci. Amma ni a ganina yana nan kwance a ƙarƙashin kowane ɗaya, kuma dalilin a fili yake. A ƙwallon ƙafa, koci yana da benci. Wanda bai iya ba sai ya zauna, gwanaye 11 su shiga. Idan akwai tauraro ɗaya ma, yana iya ɗauke wa saura nauyi ya ci musu wasa. A badujala babu wannan rangwamen. Idan yara 150 ne a fili, alƙalin da ke ƙasa yana iya tsayawa a gaban ko wanne, kuma idonsa ya fi saurin faɗawa kan wanda ya kauce. Gwanin busa bai isa ya gyara layin da ɗan aji ɗaya ya karkatar ba. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma a nan kowa ya san waken, ya san sunansa, tare suke cin abincin rana. Saboda haka babba ba shi da zaɓi illa ya tsaya bayan an tashi ya koya wa ƙarami. Ko ba don Allah ba, don makinsa.

Akwai ma wani abu da ya fi wannan ban sha'awa, wanda ya shafi yadda sauti ke tafiya. Sauti yana cin kimanin mita 340 a daƙiƙa ɗaya. A cikin ɗaki wannan ba komai ba ne, amma a fili mai faɗin fiye da yadi 50, bugun gangar da aka yi a baya yakan ɗan makara kafin ya iso gaba. Makarar ba ta kai ƙiftawar ido ba, amma kunnen alƙali na kama ta. Don haka ake koya wa waɗanda ke can baya kada su bi abin da kunnensu ke ji daga gaba, su kafa ido kan hannun madugun da ke tsaye a kan dakali yana ba da lokaci. Su kuma masu kayan kiɗan da aka girke a bakin fili ana ce musu kada su bi hannun madugu, su kasa kunne ga gangunan da ke bayansu. Wato rabin ƙungiya an hana ta yarda da kunnenta, wani sashen an hana shi yarda da idonsa, kowa an ce ya dogara da wani. In ɗaya ya ce shi dai abin da ya ji zai bi, kiɗan ya tarwatse. Ban san wani wasan yara da aka gina amana a cikin ƙashin bayansa kamar haka ba.

Masana sun daɗe da lura cewa taku tare yana yi wa zuciya wani abu. Masanin tarihi William McNeill, wanda aka ɗauka soja a 1941, ya ba da labarin yadda yawo hagu dama a cikin ƙurar Teksas, aikin da a lokacin ya ga ba shi da wani amfani, ya riƙa sa shi jin kamar ya fi ƙarfin jikinsa, kamar shi da sauran sun zama abu guda. Abin bai bar ransa ba har ya rubuta littafi sukutum a kai a 1995. A 2009 kuma wasu masu bincike biyu a jami'ar Stanford, Scott Wiltermuth da Chip Heath, suka sa mutane zagaya harabar jami'a, wasu da taku ɗaya, wasu kowa da nasa, daga baya aka ba su wani wasa da ke buƙatar yarda da juna. Waɗanda suka yi taku ɗaya sun fi ba da haɗin kai. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba. Wanda ya taɓa ganin gayya, samari sun jeru a kunya, makaɗi na bin bayansu, fartanya na sauka lokaci guda, ya san cewa ba don gonar ta yi kyan gani ake kiran mai ganga ba.

Idan haka ne, zumunci na cikin maki tun asali, me ya kawo kofi na dabam?

Amsar gajeriya ita ce kuɗi. Makin gasa ba ƙoƙarin yara kaɗai yake aunawa ba. Yana auna wanda aka biya ya tsara kiɗan, da wanda ya zana ɗigogin a kwamfuta, da yawan malaman da ke horar da kowane sashe, da sababbin kayan busa, da tufafi, da lasifikoki, da kuɗin mota da masauki. Iyaye kan biya ɗaruruwan daloli a shekara, a wasu makarantun har abin ya haura dubu, ga ƙungiyoyin iyaye da ke sayar da abinci a filin wasa suna tara gudummawa. Ba abin mamaki ba ne da sunayen da ke yawan dawowa a saman jeri, irin su Carmel da Avon da Broken Arrow ta jihar Oklahoma, manyan makarantu ne da ke da dubban ɗalibai da al'umma mai tsaya musu. Ba ina rage musu ƙoƙari ba ne, yaransu na shan wahalar da ta fi ta kowa. Amma makarantar ƙauye mai yara 35, wadda begilarta ta girmi malamin da ke koyar da ita, ko ta kwana tana horo ba za ta kamo su ba. An raba makarantu rukuni-rukuni bisa yawan ɗalibai don rage wannan tazara, sai dai rabon bai taɓa aljihu ba.

Wannan damuwa ba ta yau ba ce. Gasar makaɗan makarantu ta ƙasa baki ɗaya ta farko an yi ta a Shikago a 1923, kuma masu ƙera kayan kiɗa ne suka ɗauki nauyinta, abin da ya isa ya nuna maka cewa ciniki na cikin lamarin tun ran gini. Makarantar Joliet ta jihar Illinois ta lashe gasar sau uku a jere daga 1926 zuwa 1928. Da zafin hamayya ya yi yawa, a cikin shekarun 1930 aka sauya tsari: maimakon na ɗaya da na biyu da na uku, sai a ba kowace ƙungiya daraja bisa wani ma'auni, ta yadda goma ma za su iya samun daraja ta ɗaya a rana guda. Har yau Teksas na amfani da wannan a matakin farko na gasarta, daraja ta 1 zuwa ta 5, kafin a je matakan sama inda ake jera su ɗaya bayan ɗaya. Kusan shekara 100 ke nan malaman kiɗa a Amurka suna jan igiya tsakanin abu biyu: gasa na sa yara su dage, gasa kuma na iya cinye dalilin da ya sa aka tara su. Kofin zumunci ɗaya ne daga cikin hanyoyin da suka ɓullo da su don sasanta wannan rigima.

Bands of America tana da nata, mai suna Esprit de Corps, kalmar Faransanci da sojoji ke nufin ruhin runduna da ita. An sa masa sunan Al Castronovo, wani malamin badujala na jihar Indiyana. Ana ba da shi ne don abubuwa irin su alfahari da ƙungiya, da himma, da sakin fuska, da manufa ɗaya, ba don matsayin da aka samu a jerin maki ba. A ƙananan gasannin da makarantu ke shiryawa da kansu, sau da yawa masu masaukin baƙi ne ke zaɓa: iyayen da ke tsaron ƙofa, da ɗaliban da aka haɗa da kowace ƙungiya su yi mata jagora daga wurin ajiye mota zuwa fili. Niyyar tana da kyau. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba.

Da zarar yara sun san akwai kofi, kuma sun san wanda ke zaɓa, sai zumuncin ya koma wani wasan da ake shiryawa. Malami ya tara su a mota ya ce kowa ya gaishe da masu tsaron ƙofa, kowa ya yi murmushi, in wata makaranta ta wuce a tafa mata. A rubuta kwalaye, a shirya waƙoƙin kirari, a zo da alewa a raba wa abokan hamayya. Ba laifi ba ne a koya wa yaro ladabi, ai da koyo akan iya. Sai dai abin da ake aunawa yanzu ya tashi daga yadda suke da juna ya koma yadda suka iya nuna wa baƙo. Masanin tattalin arzikin nan na Ingila, Charles Goodhart, ya yi wata magana a 1975 game da ma'aunan kuɗi wadda daga baya aka faɗaɗa ta: duk ma'aunin da aka mai da shi abin nema, ya daina auna abin da aka ƙirƙire shi dominsa. Mu a nan kalma biyu muke ce masa, ganin ido.

Sannan ga matsalar ƙara. Idan aka ce ƙwazo, abin da ya fi saurin zuwa kunne shi ne ihu. Makarantar Allen a Teksas tana fita da mutum sama da 700 a badujalarta. Irin wannan runduna in ta yi tafi sau ɗaya, filin ya amsa. Yara 35 ko sun tsage maƙogwaro ba za a ji su ba. Ga kuma bambancin tarbiyya: wasu ƙungiyoyin an horar da su cewa muddin suna cikin kayan sarki ba dariya, ba surutu, ba gudu, a yi tafiya biyu-biyu cikin natsuwa, domin a wurinsu girmama tufafin ke nan. Wasu kuma, musamman makarantun kudancin ƙasar da suka gaji salon jami'o'in baƙaƙen fata, rawa da kirari da zolayar abokan karawa su ne gishirin abin. Mai tsaron ƙofa da ya saba da ɗaya zai ga na farko masu girman kai ne, ko ya ga na biyu ba su da kamun kai. A ƙarshe abin da ya zaɓa shi ne wanda ya yi kama da gidansu.

Akwai kuma zargin da yaran da kansu suka fi kowa sani, cewa kofin na share hawaye ne. In aka lura kullum wanda ya zo na ƙarshe ake miƙa wa, to an kashe shi. Ɗan shekara 16 ba yaro ba ne a wannan fanni, yana gane lallashi daga nesa, kuma ya fi jin zafinsa a kan faɗuwar kanta.

Abin da ya fi damuna dai wani ne dabam. Haɗin kai ba kullum yake zama alheri ba. Ƙungiyar da ta fi kowace manne wa juna tana iya zama wadda ta fi kowace iya rufa wa ɓarna asiri. A watan Nuwamban 2011, Robert Champion, ɗan shekara 26, ɗaya daga cikin madugan shahararriyar badujalar jami'ar Florida A&M, ya rasu a Orlando bayan abokan ƙungiyarsa sun lakaɗa masa duka a cikin motar bas. Ba faɗa aka yi ba. Al'ada ce ta karɓar mutum cikin 'yan ciki: ya ratsa daga gaban mota zuwa bayanta ana dukansa. An dakatar da ƙungiyar har zuwa 2013, shugaban jami'ar ya sauka, wasu daga cikin waɗanda aka samu da laifi suka tafi gidan yari. Jami'a ce, ba sakandare ba, amma daga sakandare ake zuwa can, kuma daga can malaman sakandare ke fitowa. Abin lura shi ne, da a ce da yammacin ranar an aiko mai duba zumunci ya tsaya a bakin fili, da alama maki mai yawa zai ba su. Suna alfahari da ƙungiyarsu, suna da manufa ɗaya, suna kiran juna 'yan uwa. Duk abin da ake nema a takarda yana nan. Wanda ya yi makarantar kwana a wajenmu ya san irin wannan zumuncin da ake shiga ta ƙofar bulala, ya kuma san yadda wanda aka daka bana yake ɗokin shekara ta zagayo ya rama a kan na ƙasa da shi.

Na ce a baya babu benci a badujala. Gaskiyar ita ce a wasu manyan ƙungiyoyi an ƙirƙiro shi. Akan zana wasan da ɗigogi ƙasa da yawan yaran, sai waɗanda ba su ƙware ba su zama 'yan jiran gurbi: su yi horo duka, su sha rana duka, ranar gasa kuma su tsaya a gefe ko su tura kayan ƙawata fili. Malamai na da hujjarsu, wani zai yi rashin lafiya, wani zai faɗi jarrabawa a hana shi fita, dole a samu mai maye gurbi. Amma hanya ce kuma ta ɗaga maki ba tare da an sha wahalar koyar da mai rauni ba.

Wannan ya tuna mini da wani yaro a ajinmu na sakandare. Muna shirin macin gasar gidaje, shi kuwa Allah bai ba shi haɗa hannu da ƙafa ba: in ya ɗaga ƙafar hagu, hannun hagu ne ke binta. Mako uku ana fama. Wani babban ɗalibi ya sa shi a tsakiyar layi, ya ce wa na damansa da na hagunsa su riƙa ƙirga masa a hankali, kuma wallahi ya fara kamawa. Ana gobe gasa malamin da ke kula da gidanmu ya zo ya tsaya ya kalle mu zagaye ɗaya, ya nuna shi da baki ya ce, “Kai, gobe kai ne mai riƙe mana ruwa.” Yaron ya ce, “To, Malam.” Da safe ya zo da fararen kayansa a goge, ya tsaya a gindin darbejiya da bokiti. Mun zo na biyu. Aka yi ta murna, har da ɗaga malamin sama. Da za a tambayi babban baƙo a ranar wane gida ne ya fi haɗin kai, ba na shakkar mu zai nuna, don mun fi kowa ihu.

Shi ya sa nake ganin idan har za a ba da irin wannan kofi, to a daina kallon inda yara suka san ana kallonsu. Zumuntar ƙungiya tana bayyana ne a wuraren da ba kowa ke leƙawa ba. Wa ke sauke kaya daga tirela, 'yan aji ɗaya kaɗai ko har da manya? Idan yarinya mai tuta ta yar da tutarta a tsakiyar wasa, kowa ya gani, me ke faruwa da ita a hanyar fita daga fili, ana dafa kafaɗarta ko ana barinta ta taho ita kaɗai a baya? Idan tayar keken gangar wata makaranta ta cire a bakin ƙofa, saura minti biyu su shiga, wa ke ajiye nasa ya kama musu? Yaya wurin da suka ci abinci yake bayan sun tashi? Akwai ma ma'aunin da ya fi waɗannan wuyar yi wa kwalliya, kuma malami ne kaɗai ke da shi a aljihunsa: cikin yaran da suka shiga a aji ɗaya, nawa ne suka kai ajin ƙarshe ba su gudu ba? Yaro ba ya komawa shan rana shekara huɗu a wurin da ake wulaƙanta shi, sai dai in tsoro ne ya riƙe shi, kuma wannan ma ana ganewa daga fuskar ƙananan.

Wa ya kamata ya zaɓa? Ni da za a bi tawa, da an ba yaran kansu ƙuri'a, kowace ƙungiya ta zaɓi wata ban da kanta, a haɗa da ra'ayin direbobin bas da masu shara. Su ne ke ganin abin da alƙali ba ya gani. Na san wannan ma ana iya yi masa dabara, makarantu biyu su ƙulla ka zaɓe ni in zaɓe ka. Babu tsarin da ɗan Adam ba zai samo wa ƙofar baya ba. Amma aƙalla an matsar da idon daga kan dakalin manyan baƙi zuwa wurin ajiye motoci. Kuma kada a hana zakara cin kofin don kawai ya ci na maki, kada kuma a ba na ƙarshe don kawai ya zo na ƙarshe. Shekarar da ba a ga wanda ya cancanta ba, a mai da shi kwali a ajiye.

A Indianapolis, bayan an gama sanar da sakamako a daren Asabar, ƙungiyoyi 12 suna tsaye a fili sahu-sahu, kowace da launin tufafinta, wasu na kuka don murna, wasu don akasin haka. Daga nan mai sanarwa yakan ba su izinin su fasa sahu. Cikin ɗan lokaci launukan sun cakuɗe, mai busa sarewa daga Oklahoma na rungume da takwararta ta Teksas, masu ganga sun kewaye juna ana tambayar yadda aka yi wancan bugun na tsakiyar wasa. Alƙalai sun riga sun miƙa takardunsu, ba mai rubuta komai. Bayan nan kuma akwai tirela a waje cikin sanyin Nuwamba, da ganguna da za a mayar cikin akwatunansu, da tafiyar da wasu sai gari ya waye suna kan hanya.